Har Yaushe Za Mu Riƙa Binne Jarirai Ba Mu Tambayi Abin Da Ya Kashe Su Ba?

Ya ku 'yan'uwa mazauna Kurmi, babu wanda zai ce bai san Mararrabar Diko ba a cikinku. Wanda ya taso daga Ikko ko Badun ko Shagamu ya biyo ta Mokwa da Bida da Lambata, da wanda ya taso daga Anacha ko Fatakwal ya biyo ta Lakwaja da Zuba, duka a nan suke haɗuwa kafin su miƙe hanyar Kaduna. A wannan mararraba ce, ranar 18 ga Janairu 2025, tankar man fetur ta faɗi ta kama da wuta, mutum fiye da 80 suka halaka. Gwamna ya je da kansa, shugaban ƙasa ya aika da ta'aziyya, gidajen rediyon duniya suka kwana suna faɗi. An ƙidaya mamatan, an kuma san abin da ya kashe su.

To, akwai wata mutuwar da take ɗibar rai fiye da wannan a Diko da Suleja da ƙauyukan Gurara, da sauran garuruwanmu na Arewa baki ɗaya, amma ita ɗaya bayan ɗaya take ɗauka, cikin ɗaki, da tsakar dare, don haka babu gwamnan da yake zuwa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2023 zuwa 2024 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da ake haifa da rai a Nijeriya, 110 ba sa kai shekara 5, watau kusan ɗaya cikin tara ke nan, 41 daga cikinsu kuwa ko wata guda ba sa cikawa. Waɗannan alƙaluma na ƙasa ne gaba ɗaya, kowa kuwa ya san rabon Arewa ya fi na Kudu nauyi. A tambayi hukuma, me ya kashe su? Sai ta yi kame-kame, domin yawancinsu a gida suka mutu, babu likitan da ya duba su, babu takardar shaidar mutuwa, kafin azahar an kai su makwanci.

Da yake ba a bar zuciya babu amsa, sai muka ƙirƙiro tamu. Matar da 'ya'yanta suke mutuwa a jere muka ce tana wabi, muka raɗa wa na baya suna Ajuji ko Ayashe ko Ajefas, wai ko mutuwa ta raina shi ta ƙyale. Ku da kuke zaune da Yarabawa kun ji suna cewa abiku, Inyamurai kuma suna cewa ogbanje, duk kanwar ja ce. Yaron da ya shekara uku wuyansa bai tsaya ba, yawu na zuba, muka ce ɗan ruwa ne, an musanya shi. In abin ya yi tsanani sai a waiwayi wata tsohuwa a unguwa, ko kishiya, ko ita uwar da kanta, a ce mayya ce. Aure nawa ya mutu a kan wannan zato? Tsohuwa nawa aka ƙaurace wa?

Alhali kuwa duk inda aka tsaya aka bincika, ana samun dalili. Wata malama 'yar Nijeriya, Esther Nzewi, ta gwada jinin yara 100 waɗanda iyayensu suka hakikance ogbanje ne, ta buga sakamakon a 2001: 70 daga cikinsu amosanin jini ke damunsu, ciwon da yanzu aka fi sani da sikila. Ana ƙiyasta cewa jarirai wajen 150,000 ake haifa da wannan ciwo kowace shekara a ƙasar nan, fiye da kowace ƙasa a duniya. Uba yana ɗauke da rabin gadon, uwa tana ɗauke da rabi, kowane ciki kuma yana da kashi ɗaya cikin huɗu na haɗa biyun. Wabin ke nan a gidaje da yawa. Yaran da muke kira 'yan ruwa kuwa, da yawansu shawara ce ta kama su a makon farko na haihuwa ta taɓa ƙwaƙwalwa, ko kuwa naƙuda ce ta yi tsawo numfashi ya yanke musu, ko sanƙarau ne ya bar musu tabo.

Mutanen Jihar Neja ma ba sai an kai su nesa ba. A 2015 yara 28 suka mutu a Shikira da ƙauyukan da ke kusa da ita a Ƙaramar Hukumar Rafi, kuma sai da aka ɗebi jini aka gwada kana aka tabbatar gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Shekara biyar kafin nan, a 2010, irin wannan guba ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara, ana ta ba su maganin zazzaɓin cizon sauro suna ta sheƙawa, har sai da likitocin Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa suka aika da jini waje aka auna. Waɗanda suka tsira da rai, dalmar ta rage wa da yawansu kaifin ƙwaƙwalwa har abada. Da ba a ɗebi wannan jini ba, da har yau ana cewa iska ce ta shiga garin.

Abin da muke kira a kansa ke nan: a kafa rumbun ajiyar jini da tsokar jiki domin binciken mutuwar jarirai da naƙasar girma, a nan ƙasarmu, a hannun likitocinmu, da yardar iyaye. Na san da jin wannan wasu sun riga sun tsuke fuska, don haka bari in fayyace abin da ake nufi kafin masu baza jita-jita su riga ni.

Idan jariri ya rasu, iyaye kuma suka yarda, likita yakan yi amfani da allura ya tsamo 'yar tsoka, wadda ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, daga huhu da hanta da ƙwaƙwalwa, ya haɗa da ɗan jini da ruwan ƙashin baya. Ba a tsaga ciki, ba a fasa kai, ba a cire wata gaɓa. Ana yi ne cikin kwana guda da rasuwa, aikin kuma ba ya cin lokacin da zai hana a yi wanka da sutura a binne a ranar. Wani ɓangaren abin da aka ɗiba akan gwada shi nan take a gaya wa iyaye sakamako. Ragowar akan adana ta, wata a cikin kaki irin na kyandir, wanda yake riƙe tsoka shekaru aru-aru ba tare da wutar lantarki ba, wata a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, jini kuma ana iya ɗiga shi a kan wata takarda ta musamman ya bushe. Dalilin ajiyar shi ne ilmi yana gaba: cutar da likitan bana ba shi da na'urar ganewa, na shekara goma masu zuwa zai gane ta, muddin akwai abin da zai duba. Mutuwar yaro ɗaya ba ta nuna komai, amma in an jera ɗari biyar daga yanki guda, sai hanyar da mutuwa take biyowa ta fito fili kamar sawun shanu a kan rairayi.

Wannan hanya ta allura an jima ana aiki da ita. Tun 2015 aka kafa wani shiri mai suna CHAMPS da kuɗin Gidauniyar Bill da Melinda Gates, yana yin ta a Bamako ta Mali, da Bangaladash, da yankin Harar na Habasha, da Saliyo da Kenya da Mozambik da Afirka ta Kudu, daga baya kuma aka shigo da Nijeriya da Pakistan. Ku lura da sunayen nan da kyau: Bamako da Bangaladash da Harar wuraren Musulmi ne, kuma dubban iyaye sun yarda. Abin da aka gano ya girgiza likitocin kansu. Mafi yawan yaran nan ana iya ceton su da abin da yake hannu tun yanzu, kuma wata ƙwayar cuta mai suna Kilebsiyela, wadda jarirai kan ɗauka har a cikin asibitocin da ba a tsabtace su sosai, tana kashe yara fiye da yadda aka zata. Tambayar uwa a baka bayan wata uku, irin yadda ma'aikatan ƙidaya suke yi, ba za ta taɓa nuna wannan ba.

Amurkawa sun jima a wannan fage. A 1991 suka buɗe rumbun ajiyar ƙwaƙwalwa da tsoka domin cututtukan naƙasar girma a Jami'ar Maryland da ke Baltimore, da kuɗin gwamnati. Suna da wata mutuwa da ta daɗe tana ɗaure musu kai, a kwantar da jariri lafiya lau a wayi gari babu rai. Mu ma muna da ita, sai dai mukan ce uwar ce ta danne shi cikin barci, mu bar ta da wannan dutse a ƙirji har ƙarshen rayuwarta. Su sai suka bi diddigi. Ƙididdiga ta nuna musu kwantar da jariri rub da ciki yana da haɗari, aka yi yekuwa a Ingila a 1991 da Amurka a 1994 cewa a riƙa kwantar da shi rigingine, mutuwar ta ragu da fiye da rabi. Sa'an nan wata likita a Boston, Hannah Kinney, da abokan aikinta, suka duba tsokar ƙwaƙwalwar jariran da aka adana, suka nuna a 2006 da 2010 cewa da yawansu suna da tangarɗa a gindin ƙwaƙwalwa, wurin da yake farkar da mai barci idan numfashinsa ya toshe.

Ga kuma labarin da nake so masu saurin kiran mace mayya su saurara. A Ostareliya an ɗaure wata mata, Kathleen Folbigg, a 2003, bisa hukuncin cewa ita ta kashe 'ya'yanta huɗu da suka mutu a jere suna ƙanana. Jaridun ƙasar sun kira ta da kowane irin mugun suna. Shekara 20 ta yi a kurkuku. Abin da ya fitar da ita shi ne ɗigon jini da 'yar tsokar yaran da asibiti ya adana tun suna jarirai: masana suka gwada, suka tarar 'yan matan biyu suna ɗauke da wani gadon ciwon zuciya mai tsayar da bugu farat ɗaya. Aka yi mata afuwa a watan Yuni 2023, kotu kuma ta soke hukuncin a Disamba. Ita ta sami abin da zai yi mata shaida. 'Yar'uwarmu da aka saka a ƙauyen Gurara saboda ta binne huɗu, wa zai yi mata?

Yanzu sai mu juyo ga masu cewa ba su yarda da likitocin bincike ba. Ba na ganin wautarsu ko kaɗan, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau da ta kashe mutum wajen 12,000, kamfanin Pfizer ya sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya yi gwajin maganin Trovan, yara 200 suka shiga gwajin, 11 suka mutu, wasu suka kurumce, wasu suka shanye. Kamfanin ya ce ciwon ne ya yi ɓarnar, ya kuma ce an nemi izini da baki. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Sai a 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, sai kuma a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, shekara 15 bayan aukuwar abin. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003 har zuwa Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20, yaranmu ne kuma suka biya da ƙafafunsu.

Turawan ma an yi musu. A asibitin yara na Alder Hey da ke Liverpool, tsakanin 1988 da 1995, an riƙa cire gaɓoɓin jariran da suka mutu ana ajiyewa ba da sanin iyaye ba, na yara wajen 850. Da asiri ya tonu, aka fitar da rahoto a 2001, wasu iyayen sai da suka yi jana'iza sau biyu, har sau uku. To, me Ingilishi suka yi? Sun rufe ɗakunan bincike sun koma zargin mayu? Majalisarsu ta zauna ta yi doka a 2004, wadda ta mai da ajiye tsokar mamaci ba da izinin iyalinsa ba laifi ne na ɗauri, ta kuma kafa hukumar da take bin ɗakunan ajiya tana dubawa. Binciken ya ci gaba. Mu kuwa aka cuce mu sau ɗaya, muka ƙara wa kanmu ta biyu, muka ce mun fasa sanin abin da yake kashe 'ya'yanmu.

Dokar ma muna da ita a takarda. Ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa ta 2007 ta ce ba a fitar da jinin ɗan Nijeriya ko tsokarsa waje sai da yarjejeniya rubutacciya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta keɓe babi guda a kan jini da tsoka, ta hana cinikinsu. Amma doka babu mai tsaro, ai ƙofa ce babu ƙyaure. Kun ji labarin kamfanin 54gene na Ikko, wanda aka kafa a 2019, ya tara dala miliyan 45 daga masu zuba jari, ya tattara samfurin jinin 'yan Nijeriya dubbai barkatai, kana ya durƙushe a 2023, aka bar mutane suna tambayar ina makomar abin da aka ɗiba a jikinsu. Shi ya sa muke cewa rumbun da muke nema na jama'a ne, ƙarƙashin asibitin koyarwa na gwamnati, kada a damƙa shi ga ɗan kasuwar da gobe zai karye masu bin bashi su zo su yi gwanjon firiza da abin da ke cikinta.

Sharuɗɗan kuwa ba masu wuya ba ne ga gwamnatin da take da niyya. A nemi izini da harshen da uwa da uba suke ji, a Diko da Gbagyi da Hausa, a karanta musu a gaban shaidar da suka zaɓa da kansu, kuma wanda ya ce a'a a sallame shi da mutunci, kada a riƙe masa gawa, kada a caje shi ko sisin kwabo. Wanda ya yarda yau, gobe ya sake shawara, a ba shi abinsa ya binne. A kwamitin da zai kula da rumbun a zaunar da limami da fasto da wakilin hakimi da ungozoma, kusa da farfesoshin. Sharaɗin da na fi ba nauyi shi ne a dawo wa iyaye da amsa. Likita ya tako har gida ya ce, abin da ya kashe ɗanku ke nan, ga kuma yadda za a kiyaye na gaba. Binciken da yake ƙarewa a mujallar Landan, uwar yaro ba ta ji komai ba, ɗibar ganima ce kawai da farar riga.

Sauran masu cewa addini ya hana. Gaskiya ne mamaci yana da alfarma kamar mai rai, gaskiya ne kuma an umurce mu da gaggauta sutura. Amma malamai sun zauna a kan wannan mas'ala tun ba yau ba. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yi fatawa a 1976 cewa ya halatta a binciki gawa domin gano laifin kisa ko gano annoba, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa kuma ta zauna a Makka a 1987 ta halatta shi domin tabbatar da cutar da ta yi kisa, don a kare masu rai. Wannan fa a kan tsaga gawa gaba ɗaya suke magana, ballantana tsinin allura. Mai cewa ƙaddara ce, mun yarda, kowace mutuwa da ajalinta. Mutanen da wutar tanka ta cinye a Diko ma ajalinsu ne ya yi, amma ban ji wanda ya ce saɓo ne a tambayi yadda motar ta faɗi ba.

Uzurin mahukunta kuwa shi ya fi ban haushi. Za su ce babu kuɗi, babu wuta, babu ƙwararru. Jihar Neja ce fa take ɗauke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, ita take haska gidajen manya a Abuja da Ikko, sa'an nan a ce firiza biyu sun gagare ta? Daga Diko zuwa Abuja tafiyar sa'a guda ce da 'yan kai. A can akwai rumbun ajiyar samfur na Cibiyar Nazarin Ƙwayoyin Cutar Bil Adama, wanda aka gina ƙarƙashin shirin H3Africa, akwai babban ɗakin gwaji na Hukumar Yaƙi da Cututtuka a Gaduwa, ga Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, ga Babban Asibitin Suleja a bakin ƙofa, ga Asibitin Tarayya na Bida. Kayan aikin suna nan a warwatse, wanda zai ɗaura su wuri guda ya ce wannan na jariran talakawa ne, shi aka rasa. Jariri ba ya jefa ƙuri'a, rumbun bincike kuma ba a yanka masa ƙyalle a gaban 'yan jarida kamar gadar sama.

Ku mazauna Sabon Badun da Agege da Idi Araba da Mile 12, da na Shagamu da Abekuta da Inugu, kuna da hannu a wannan magana fiye da yadda kuke zato. Ku ake bugo wa waya da dare a ce yaro ba lafiya a aiko da kuɗi, ku ake bugo wa da safe a ce ya koma. Maganarku tana da nauyi a gida, domin ku kuke cika tukunya. Idan aka ce muku matarku tana wabi, kafin ku saurari masu ba da shawarar ƙarin aure ko saki, ku je ku da ita a gwada jininku na sikila, gwajin da kusan kowane babban asibiti yake yi a wuni guda. Idan aka ce jariri idonsa ya yi rawaya a makon farko, ku ce a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe da shanya shi a hantsi. Ƙungiyoyinku na 'yan gari da majalisun Sarakunan Hausawa, waɗanda suke iya tara kuɗin motar kai gawa gida cikin dare ɗaya, suna iya rubuta takarda guda da sa hannun kowa zuwa ga Kwamishinan Lafiya a Minna, da ɗan majalisar da yake wakiltar Gurara da Suleja da Tafa a Majalisar Wakilai, su tambaye su abu biyu: jarirai nawa suka mutu a Ƙaramar Hukumar Gurara bara, kuma guda nawa daga cikinsu aka san abin da ya kashe su.